Akwatin Lasifika Don Jitar Lantarki a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu sayen kayan jita suna zuba kuɗinsu a kan jitar kanta da amfilifaya, abin da ya yi saura shi ake neman akwatin lasifika da shi. A ganina an juya lissafin. Lasifika ita ce bakin da sauran kayan duka ke magana da shi, domin duk tsadar jitarka, kunnenka ba ya jin komai sai abin da takardar lasifika, wato faifan nan da ke girgiza a gabanta, ta kaɗa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini, kuma na amsa su ne da tunanin mutumin da zai riƙa kaɗawa a ɗaki ko falo, ba a dandali ba.

Mene ne akwatin lasifika, kuma me ya raba shi da amfilifaya?

Sautin da ke fitowa daga jitar lantarki ɗan ƙanƙani ne, ba ya iya motsa lasifika. Aikin amfilifaya shi ne ta ƙara masa ƙarfi. Shi kuwa akwatin katako ne da lasifika ɗaya ko biyu ko huɗu a ciki, ba shi da fulogi, ba ya shan wutar bango, abin da amfilifaya ta turo masa kawai yake juyawa ya zama sauti.

Wani lokaci ana haɗa su a gida ɗaya, shi ne ake kira kombo, kamar Fender Deluxe Reverb ko Vox AC30. Wani lokaci kuma amfilifayar tana zuwa ita kaɗai, makaɗa suna ce mata "kai", sai ka ɗora ta a kan akwatin da ka zaɓa. Amfanin rabawar shi ne kana iya canza ɗaya ka bar ɗaya, kuma ɗaukar kaya biyu matsakaita ya fi ɗaukar ƙato guda sauƙi.

Ina da lasifikar da ake kunnawa a biki, ko ta sauraron waƙa a falo. Ba za ta yi ba?

Sauti zai fito, amma ba wanda kake nema ba. Lasifikar waƙa an ƙera ta ne ta maimaita duk abin da aka ba ta, daga mai kauri har zuwa siririn da kunne ke iya kamawa, shi ya sa ake sa mata tiwita, wato ƙaramar lasifikar da ke fito da sirarran sautuka. Lasifikar jita kuwa da gangan aka bar ta da iyaka. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, lasifikar jita kuma tana aiki daga wajen nan zuwa girgiza kimanin 5,000, daga nan sai ta fara yin shiru. Wannan shirun shi ne sirrin. Idan ka kunna distoshan, wato gurnanin nan da ake sa wa jita, amfilifaya tana haifar da tarin sirarran sautuka marasa daɗi a can sama. Lasifikar jita tana tace su, ta bar gurnani mai ɗumi. Tiwita kuwa za ta fito da su duka, sai ka ji kamar ana soya wani abu a mai ko kudan zuma sun cika ɗaki. Banda haka, tiwita ba ta jure wannan wahalar, tana iya ƙonewa.

Lasifika nawa ya kamata akwatin ya ƙunsa? Ina ganin 1x12 da 2x12 da 4x12.

Lambar farko adadin lasifikun ce, ta biyu faɗin kowacce a inci. Wato 4x12 na nufin guda huɗu, kowacce inci 12.

Kusan kowane matashin da ya fara jita yana mafarkin 4x12, don shi yake gani a bayan manyan makaɗa. Amma ya kamata a san abin da ya kawo shi. Jim Marshall ya fara ƙera amfilifaya a shekarar 1962 a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan. Lasifikun kamfanin Celestion na lokacin kowacce wat 15 kawai take ɗauka, guda biyu ba sa jure ƙarfin amfilifayarsa, sai ya sa huɗu a akwati ɗaya don su raba nauyin. A 1965 Pete Townshend, mai jitar ƙungiyar The Who, ya nemi abin da ya fi haka ƙara, aka yi masa akwati mai lasifika takwas, nauyinsa ya gagari masu ɗauka, sai aka raba shi gida biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. A wancan zamani kayan sautin zauren taro ba su da ƙarfi, dole akwatin mai jita ya isar da sauti har kujerar ƙarshe. Matsalar babban zaure aka warware da shi, ba matsalar ɗakin kwana ba.

Akwatin Marshall 1960A na yau ya haura kilo 35, faɗinsa kimanin santimita 76. A ɗakin da ke da gado da durowa, ina za ka kai shi? Sannan daɗin 4x12 ba ya fitowa sai an tura shi da ƙarfi har iska ta bugi ƙirji. Idan ka rage shi zuwa yadda gida zai ɗauka, ka biya kuɗin lasifika huɗu kana jin abin da guda ɗaya za ta ba ka.

Shawarata ga gida ita ce 1x12 mai lasifika ta kirki. Kuɗin da zai saya maka 4x12 mai lasifiku na araha zai saya maka 1x12 na gaske har da canji. Idan kana fita lokaci-lokaci ka yi kiɗa da mai ganga, ko a coci, ko a wajen biki, to 2x12 ya tsaya tsakiya: ya fi cika wuri, kuma yana shiga bayan mota. Wanda ke kiɗa a fili inda babu bango, kamar yadda makaɗan jita ke yi a bukukuwan Agadez, lissafinsa daban ne, don sarari yana cinye sauti.

To inci 8 da inci 10 fa?

Inci 10 tana da saurin amsawa da haske, kaurinta bai kai na inci 12 ba. Fender Princeton Reverb da guda ɗaya take aiki, tsohuwar Bassman kuma da guda huɗu, kuma ba wanda ya raina sautinsu. Inci 8, irin ta Fender Champ mai wat 5, ta dace da ƙaramin ɗaki sosai, sai dai da ka ƙara gurnani takan yi kamar sauti daga kwali. Dalilin da na fi son inci 12 shi ne ita ce ta fi yawa a kasuwa. Ranar da ka gaji da wadda ke ciki, kusoshi huɗu za ka kwance ka sa wata.

Wat nawa nake buƙata don sauti ya yi ƙarfi?

Nan ne aka fi ruɗewa. Wat ɗin da aka rubuta a jikin akwati ba ƙarfin sautinsa ba ne, iyakar abin da zai iya jurewa ne kafin ya ƙone. Akwatin wat 300 bai fi na wat 60 ƙara ba idan amfilifaya ɗaya ce ke tura su.

Abin da ke nuna ƙarar lasifika wata lamba ce daban da ake rubutawa da desibel: ƙarar da za ta bayar idan an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Celestion Vintage 30 tana ba da desibel 100. Ka lura, da wat ɗaya tak. Hirar mutane a ɗaki tana wajen desibel 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wanda ke nufin a desibel 100 minti 15 ne kawai kafin kunne ya fara cutuwa. Idan kana son kiɗa a wajen desibel 80, wanda ya isa ɗaki har ya yi yawa da dare, irin wannan lasifikar kashi ɗaya cikin ɗari na wat take buƙata.

Sannan ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga wat 50 zuwa 100 desibel 3 kawai ake samu. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka wat sau goma. Shi ya sa amfilifaya mai wat 5 take ba mutane mamaki: da lasifika mai desibel 100 tana kai wa 107, wanda ya isa ya tayar da duk gidan.

Ga abin da za ka ɗauka daga nan. A dandali ana neman lasifika mai yawan desibel, a gida kuwa mai ƙarancinsa alheri ce. Lasifika mai 97 tana buƙatar ninkin wat kafin ta kamo mai 100, wato tana ba ka damar ƙara murɗa amfilifaya zuwa inda take fara daɗi ba tare da ƙarar ta wuce kima ba.

To yaya zan daidaita wat ɗin akwati da na amfilifaya?

Na akwati ya zama daidai da na amfilifaya ko ya fi shi. Idan amfilifayar mai bawul ce, wato mai kwalaben nan da ke yin ja idan sun yi zafi, gara ka bar rata sosai, kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, domin lambar da aka rubuta mata ta tsaftataccen sauti ce, idan aka murɗa ta har ƙarshe tana wuce ta. Kai mai wat 15 ko 20 a kan lasifika mai wat 60 ba shi da abin tsoro.

Idan lasifikun cikin akwati ba iri ɗaya ba ne, kada ka tara lambobinsu. Wutar tana rabuwa daidai ne tsakaninsu, don haka mai rauni ita ce ma'auni. Mai wat 60 da mai wat 25 a akwati ɗaya wat 50 ke nan, ba 85 ba.

Mene ne om, kuma me ya sa ake ta gargaɗi a kansa?

Idan abu ɗaya za ka riƙe daga duk bayanin nan, wannan ne, domin kuskure a zaɓin sauti ɓacin rai kawai yake jawowa, kuskure a om kuwa yana kashe kaya.

Om ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata ne. Akwatunan jita suna zuwa da om 4 ko 8 ko 16, ana rubuta shi kusa da ramin jak, wato inda ake soka kan waya, a baya. A bayan amfilifaya ma za ka ga ramuka da irin lambobin nan. Ƙa'idar ba ta da wuya: 8 ta shiga 8, 16 ta shiga 16. Babu wanda ya fi wani daɗin sauti yadda za ka damu, daidaituwa ce abin nema.

Abin da ke faruwa idan ba a daidaita ba ya danganta da irin amfilifayar. Mai bawul tana da taransifoma tsakaninta da lasifika. Idan om ɗin akwati ya yi ƙasa da na ramin, bawul ɗin suna wahala su tsufa da wuri. Idan ya yi sama da yawa, wuta tana komawa baya ta huda rufin wayoyin taransifomar. Mafi muni duka shi ne a kunna ta babu akwati a jone ko kaɗan, a kuma kaɗa jita. Wannan taransifomar tana cikin mafi tsadar abin da ke cikin amfilifayar, kuma samun irinta a kasuwanninmu ba ƙaramin aiki ba ne. Ka mayar da shi ɗabi'a: kafin yatsanka ya taɓa makunni, idonka ya duba wayar lasifika a duka ɓangarorin biyu.

Amfilifaya mai tiransisto kuwa, wato wadda ba ta da bawul, akasin haka ce. Za ka ga an rubuta mata mafi ƙarancin om da za ta ɗauka, misali 4 ko 8. Sama da haka babu laifi, ƙarfinta ne kawai zai ragu, wanda a gida ba asara ba ce. Ƙasa da haka ne take zafi har ta ƙone.

Idan lasifika ta wuce ɗaya, yadda aka ɗaura wayarsu ne ke ba da jimla. Idan aka jera su bi-da-bi, wuta ta fita daga wannan ta shiga waccan, om ɗinsu yana haɗuwa: 8 da 8 sun zama 16. Idan kuwa aka jona su gefe da gefe, kowacce tana sha daga tushe ɗaya, sai ya rabu biyu: 8 da 8 sun zama 4, 16 da 16 sun zama 8. Wannan na biyun ne ke faruwa a yawancin amfilifayoyi idan ka jona akwati biyu a bayansu. Mutum ya ga ramuka biyu, ya sa akwatuna biyu masu om 8, bai san ya sauke amfilifayarsa zuwa 4 ba. Haka ma mai kombo da ke son ƙara akwati na waje, ya fara karanta abin da aka rubuta a jikin ramin.

Wayar jita da wayar lasifika ai kansu iri ɗaya ne. Me zai hana in yi amfani da kowacce?

Kansu ɗaya ne, jak mai kaurin milimita 6.35, cikinsu ne ya bambanta. Wayar jita siririn zare ne a tsakiya da raga a kewaye don kare shi daga hayaniya, ba a yi ta don ɗaukar wuta mai yawa ba. Wayar lasifika kuwa wayoyi ne biyu masu kauri, babu raga. Na taɓa aro wayar jita na jona kai da akwati a wani atisaye, don an manta da ta lasifika a gida. Bayan kamar awa ɗaya sauti ya fara yankewa, na taɓa wayar na ji ta yi laushi don zafi. Da ta tsinke a ciki muna tsakiyar kiɗa, daidai yake da kunna mai bawul babu akwati. Allah ya kiyaye a ranar, amma tun daga lokacin nake naɗa jan tef a kan wayar lasifika don kada ta ɓace cikin sauran. Idan ba ka samu ta saye ba, mai gyaran rediyo zai haɗa maka da waya biyu masu kauri da jak biyu cikin mintuna kaɗan.

Mai buɗaɗɗen baya ko mai rufaffen baya?

Takardar lasifika tana tura iska gaba da baya. Idan bayan akwatin a buɗe yake, sauti yana fita ta duka ɓangarorin, ya bugi bango ya dawo, sai ka ji ya bazu ya cika ɗaki ko ina ka tsaya. Kaurinsa yana ɗan raguwa, amma yana da sakewa da iska. Wannan ne tsarin yawancin kombon Fender da Vox, kuma ya dace da tsaftataccen kiɗa irin na hailaif da bulus da kiɗan jitar Sahara. Rufaffen baya yana tattara sautin ya harbo shi gaba, kaurin ya fito a dunƙule da duka, abin da masu kiɗan rok mai nauyi ke so ke nan.

A gida na fi karkata ga buɗaɗɗe. Rufaffe yana jefa sautinsa kamar hasken tocila: wanda ke saitinsa yana jin tsini, wanda ya kauce kaɗan yana jin duhu. Kuma kaurin nan da yake bayarwa shi ne ke ratsa bango ya isa ɗakin maƙwabci. Akwai akwatunan da ake iya cire wani sashe na bayansu a mayar, idan ka samu irinsu ka huta da zaɓi.

Wace lasifika ce ta fi? Sunayen sun yi mini yawa.

Babu wadda ta fi duka, kowacce da muryarta. Zan faɗi waɗanda za ka fi cin karo da su.

Celestion kamfanin Ingila ne tun 1924, kuma shi ya mamaye wannan fage. Vintage 30 ta fito a 1986, kuma duk da sunanta wat 60 take ɗauka. Tana da tsakiya mai ƙarfi da ke keta sauran kayan kiɗa, shi ya sa ta cika ɗakunan ɗaukar sauti, kuma ita ce a cikin akwatin Orange PPC112. Sai dai abin da ke sa ta fice a cikin taron makaɗa shi ne ke sa wasu su ji ta yi tsauri idan mutum shi kaɗai ne a ɗaki. Greenback, mai wat 25, ta fi laushi da ɗumi, ita ce muryar rok na ƙarshen shekarun 1960 da na 1970, kuma ga amfilifaya ƙarama a gida ita nake fara ambata. Creamback G12M-65 ƙanwarta ce mai irin halinta, amma tana ɗaukar wat 65, desibel ɗinta 97. G12T-75 ita ce a cikin Marshall 1960A, tana da kauri da tsini, tsakiyarta a kwance. Alnico Blue, wadda aka sani da Vox AC30 tun farkon shekarun 1960, tana da ƙararrawa mai daɗin gaske, amma wat 15 kawai take ɗauka, ga tsada, ga ƙara har desibel 100.

Jensen ita ce muryar tsoffin Fender: haske da tsabta. Asalinta Amurka, yanzu a Italiya ake ƙera ta. Eminence kuma tana jihar Kentaki tun 1966, tana da ire-ire da yawa, farashinta yakan fi sauƙi.

Duk wannan bayanin baki ne. Idan da hali, ɗauki jitarka da amfilifayarka ka je ka gwada, kuma ka gwada a ƙarar da za ka yi amfani da ita a gida. A shago kowa murɗawa yake yi, kuma duk abin da ya fi ƙara kunne yakan ɗauka ya fi daɗi.

Mayen ƙarfen da ke bayan lasifika yana da tasiri?

Yana da shi, amma bai kai na takardar ba. Alniko, wato haɗin alminiyam da nikel da kobalt, shi ne na da, yana da tsada. Na seramik ya karɓe kasuwa a shekarun 1960 saboda araha, kuma yawancin sanannun lasifikun rok shi ne a jikinsu. Niyodimiyam sabo ne, amfaninsa rashin nauyi: Vintage 30 kilo 4.7 ce, Neo Creamback kuwa ba ta cika kilo 2 ba. Akwatin da zai zauna wuri ɗaya a ɗaki ba ya buƙatar ka biya kuɗin rashin nauyi.

Zan iya sayen lasifikar kawai in ba kafinta ya yi mini akwatin?

Ƙwarai kuwa, kuma ga mutanenmu sau da yawa wannan ce hanya mafi hankali. Abin da ke sa akwatin waje tsada kafin ya iso Kano ko Yamai nauyi ne da girma, alhali katako ne da muke da shi a nan. Lasifika ita kaɗai tana shiga jakar matafiyi. Akwatin jita kuma ba ya buƙatar tsauraran lissafi irin na lasifikar bes, wato ta sauti mai kauri sosai, santimita biyu ko uku ba sa ɓata shi.

Ka nemi filawud mai kyau mai kaurin milimita 18, wanda idan ka duba gefensa ba ka ganin ramuka tsakanin fallayen. Manyan kamfanoni suna amfani da filawud na itacen bac, tsoffin Fender kuma da katakon fayin aka yi su. Ka guji allon garin katako da aka matse. Yana da nauyi, kusa ba ta kama shi sau biyu, kuma da ya sha laimar damina sai ya kumbura ya fara marmashewa. Don 1x12, faɗin santimita 55 da tsayin 45 da zurfin 28 ko kusa da haka ya yi. Ramin lasifikar Celestion mai inci 12 milimita 283 ne, amma ka kai wa kafintan lasifikar ya auna da kansa. Ka nace a sa gam a kowace gaɓa tare da kusa mai zare, a kuma ƙara sanduna a kusurwoyin ciki. Duk inda aka bar sako-sako, sai ya yi kuka a kan wata tsirkiya. Kyallen gaba ya zama wanda idan ka ɗaga shi sama kana hango haske ta cikinsa.

Idan na hannu zan saya, me zan duba?

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. A buɗe bayan akwatin ka ga lasifikun da idonka, domin sau da yawa sunan da ke gaba na babban kamfani ne, amma an daɗe da cire na asalin an sa wasu. Ka duba takardar ko akwai yagewa ko faci ko cin ɓera. Ka sa yatsu a kewayen tsakiyarta ka tura a hankali, daidai wa daida: ya kamata ta shiga ta dawo shiru. Idan ka ji ƙarar gogayya kamar yashi, koyil ɗin, wato naɗin siririyar waya da ke motsa takardar, ya sha zafi ya karkace. Ka shinshina ma, ƙonannen koyil ba ya ɓoye warinsa.

Ka tafi da mitar masu gyaran lantarki. Abin da za ta nuna yana ɗan ƙasa da lambar da aka rubuta, kuma haka ya kamata: mai om 8 zai nuna wajen 6 zuwa 7, mai 16 wajen 12 zuwa 14, mai 4 wajen 3. Idan akwai lasifika fiye da ɗaya, ɗauki ƙaramin batir mai bolt 9 ka ɗan taɓa shi a kan jak ɗin wayar na ƙiftawar ido. Duka takardun su motsa tare, gefe ɗaya. Idan wata ta fito wata ta shige, an juya waya, kuma sautin zai fito siriri babu kauri. Wannan gyaran minti biyar ne, amma dalili ne na neman ragi. Daga ƙarshe a jona a kaɗa kowace tsirkiya a hankali daga sama har ƙasa, kana sauraron kakkarwa.

Da dare nake samun lokaci, ga iyali ga maƙwabta. Akwai dabara?

Akwai, kuma haƙƙin maƙwabci ya fi daɗin gurnani nauyi. Hanya ta farko ita ce amfilifayar da ke da makunnin rage ƙarfi, kamar Boss Katana da ke sauka har rabin wat. Ta biyu ita ce na'urar da ake sawa tsakanin kai da akwati, tana shanye yawancin ƙarfin ta mayar da shi zafi, ta bar kaɗan ya wuce. Da ita za ka murɗa mai bawul yadda kake so a ji shi ƙasa-ƙasa, sai dai om ɗinta ma dole ya dace, kuma bawul ɗin suna tsufa kamar a dandali kake. Ta uku ita ce a ajiye akwatin gaba ɗaya: akwai na'urori irin su Two Notes Torpedo Captor da ke tsaya wa amfilifaya a matsayin lasifika, su kwaikwayi muryar akwati, ka saurara ta kwamfuta ko hedifon.

Wanda kuma ke amfani da na'urar kwaikwayo irin Line 6 Helix ko Kemper, to muryar akwatin tana ciki tun farko. Shi ne kaɗai lasifikar da ke fito da komai za ta yi wa daidai. Idan kuwa zai tura ta akwatin jita na gaske, ya kashe kwaikwayon akwatin da ke ciki, in ba haka ba an tace sautin sau biyu, sai ya fito kamar an rufe shi da bargo.

A ina ya fi dacewa in ajiye shi a ɗaki?

Kafin ka ce akwatinka ba shi da daɗi, matsar da shi. A ƙasa kaurinsa yana ƙaruwa, a kusurwa ya ƙara ƙaruwa har ya dagule. Kuma idan yana ƙasa kai kana tsaye, gwiwoyinka yake yi wa kiɗa, sai ka yi ta ƙara tsini don ba ka jin sa, wanda ke zaune a saitinsa kuwa kunnensa na zafi. Ɗora shi a kan kujera, ko ka jingina shi baya ya kalli kanka. Mai buɗaɗɗen baya a ba shi tazarar taku ɗaya daga bango. Ɗakunanmu na siminti da tayil suna mayar da sauti da yawa, darduma da labule da katifa suna kwantar da shi. Idan ka ji kakkarwa, duba gilashin taga da silin da kwanukan da ke kan durowa kafin ka zargi lasifika.

Zan iya jona jitar bes a ciki?

A'a. Tsirkiyar bes mafi kauri tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, rabin ta jita, kuma tana tura takardar fiye da inda aka yi ta ta kai, musamman a mai buɗaɗɗen baya.

Na sa sabuwar lasifika amma sautin ya yi tauri. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Sabuwar takarda da gefenta suna da tauri, sai sun yi aiki na wasu awanni masu ɗan yawa kafin su saki jiki, kaurin ya fito, tsinin ya kwanta. A ƙarar gida abin yakan ɗauki makonni. Ka ba ta lokaci kafin ka yanke hukunci.

Wutar ƙasarmu da yanayinmu za su cutar da shi?

Shi akwatin ba ruwansa da wutar bango, ko daga wace ƙasa ya zo. Amfilifayar ce abin dubawa. Najeriya da Nijar suna kan bolt 220 zuwa 230, kayan Amurka kuwa 120 ne, na Japan 100. Karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga, idan 120 ne ko 100 to sai da taransifomar rage wuta. Idan da janareta kake aiki, bari ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka kashe amfilifaya kafin a kashe shi.

Abokan gabar akwati su ne laima da ƙura da ƙwari. Takardar lasifika takarda ce ta gaske, a damina tana shan danshi, don haka kada a bar akwatin a kan siminti tsirara ko jikin bangon da ke jiƙa. A hunturu a rufe shi da zane idan an gama, domin ƙurar da ta shiga tsakanin koyil da mayen ƙarfe ba ta fita da sauƙi. Mai buɗaɗɗen baya kuma ɓera yana ganinsa a matsayin ɗaki, ga duhu ga takarda. Ka riƙa leƙa cikinsa duk mako, kuma kada ka mai da shi ma'ajiyar wayoyi da kusoshi, don mayen ƙarfen zai fizgo su su huda takardar daga baya.